Dalolin azurfar mahaifinmu da Baffa ya sayar a 1980: naira za a biya mu ko azurfa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. A 1979 mahaifinmu ya ba ƙaninsa ajiyar dalolin azurfa guda ɗari, irin masu hoton mace ɗin nan, da mundaye shida na azurfa da ya gada wurin kakarmu. Allah ya yi masa rasuwa a 1984 muna yara, ba wanda ya san da maganar a cikinmu. Bara Baffa ya kwanta ciwon ajali, ya sa aka kira limamin unguwa da babban ɗansa, ya ce kayan yayansa suna wuyansa. Ya ce ya sayar da su a farkon 1980 da kuɗin azurfa ya tashi, dalolin naira 1,200, mundayen naira 300, ya zuba kuɗin a kasuwancinsa, kuma yayan nasa bai sani ba har ya rasu. Yanzu 'ya'yan Baffa sun ce naira 1,500 ce bashin, amma saboda zumunci za su cika mana naira dubu ɗari. Ƙanina kuma ya duba a intanet ya ga ozar azurfa ta kai dalar Amurka 50 a 1980, wadda aka ce daidai take da dala 200 a yau, ya yi lissafi ya ce muna bin su sama da naira miliyan 22. Har yanzu ba a raba gadon Baffa ba. Mene ne haƙƙinmu, kuma ina za mu dosa?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya jiƙan Baffa, ya sa furucin da ya yi a kan shimfiɗarsa ya zama sanadin sauƙi a gare shi. Ka fara riƙe wannan: mutumin da ya tara shaidu yana jin mutuwa ya faɗi abin da ba wanda ya sani sai shi, so yake a sauke masa nauyi. Duk abin da za ku yi, ku da 'ya'yansa, cika masa wannan buri ne.

Lissafin 'yan'uwanku bai yi daidai ba, na ƙaninka ma bai yi ba. A dalolin nan ɗari, abin da kuke bi azurfa ce, dala ɗari masu irin nauyi da kyan waɗanda aka ba shi. Ba naira 1,200 ba, ba kuma naira miliyan 22 ba. Mundayen hukuncinsu daban ne, kuma a nan ne maganar faɗuwar darajar kuɗi za ta shigo da gaske. Zan zo kansu.

Bari in fara da lissafin ƙaninka, domin na san shi ne ya fi zama a ranku, kuma shi ne zai iya ɓata muku sulhu tun ba a zauna ba.

Abin da ya gani gaskiya ne, amma gaskiya ce ta kwanaki kaɗan. Ozar da ake auna azurfa da ita giram 31.1 ce. A farkon shekarun 1970 kuɗinta bai kai dalar Amurka 2 ba. A watan Janairun 1979 tana wajen dala 6. Daga nan wasu attajiran man fetur na jihar Texas, Nelson Bunker Hunt da ɗan'uwansa William Herbert Hunt, tare da wasu abokan hulɗarsu, suka yi ta sayen azurfa suna tarawa, mafi yawa da kuɗin bashi, har kasuwa ta ƙuntata. Ranar 18 ga Janairun 1980 farashin da aka yanke a Landan ya kai dala 49.45. Hukumomin kasuwar New York suka kafa dokar da ta hana irin wannan saye da bashi, farashi ya juyo ƙasa, masu bin 'yan'uwan nan bashi suka taso musu, ranar Alhamis 27 ga Maris na shekarar oza ta faɗo ƙasa da dala 11. Cikin mako goma ke nan. A 1988 kotu a Amurka ta same su da haɗa baki wajen murɗe kasuwa, suka karye.

Bayan nan azurfa ta yi dogon barci. A farkon shekarun 1990 ta sauka ƙasa da dala 4, a 2001 tana 'yan sama da dala 4. Sai a watan Afrilun 2011 ta sake leƙa dala 48 da 'yan kai, ta sake faɗowa, a Maris na 2020 lokacin annobar korona ta taɓa wajen dala 12. Sai a watan Oktoban 2025 ta haye dala 50, wato shekara arba'in da biyar bayan wancan tashin. A tsakanin nan kuma kayan masarufi a Amurka sun ninka kusan sau huɗu daga 1980 zuwa 2024. Daga nan aka samo dala 200 ɗin da ƙaninka ya gani: dala 50 ta 1980 tana sayen abin da sai da kusan dala 200 za a saya a 2024.

To ka lura da abin da wannan lissafi yake nunawa. Yana nuna cewa wanda ya riƙe azurfa daga ƙololuwar 1980 ya yi asara, domin ƙarfin sayayyarta ya zube. Da mahaifinku ya karɓi dalolinsa ya binne su a tukunya, da yau dala ɗari za ku tono, ba wanda zai ƙara muku ko ɗaya saboda burodi ya yi tsada a Amurka. Ƙaninka ya ɗauki farashin rana mafi tsada, wadda Baffa bai ma sayar a kanta ba, ya ninka shi da tsadar rayuwar wata ƙasa, sannan ya ninka da canjin naira na yau. Babu alƙalin da zai bi shi wannan hanya, na Musulunci ko na boko. Idan ka auna abin da Baffa ya faɗa ma za ka ga bambancin. Dalar nan mai hoton sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, wadda duk an buga mata shekarar 1780 ko da yaushe aka ƙera ta, nauyinta giram 28 da ɗan ɗoriya, tsantsar azurfar cikinta kuma giram 23.4. Guda ɗari sun ba da giram 2,339, wato oza 75 da kaɗan. A 1980 dalar Amurka ɗaya tana wajen kobo 55, saboda haka naira 1,200 ta kama kusan dala 2,180. Ka raba, za ka ga Baffa ya sayar da oza a kan wajen dala 29.

Yanzu kuma ga inda 'ya'yan Baffa suka kuskure. Sun ɗauka cewa tunda mahaifinsu ya mai da kayan naira, bashin ya zama na naira. Da haka ne da hujjarsu ta yi ƙarfi ƙwarai, kuma gara ka san ƙarfinta. Asalin hukunci a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke bi, shi ne wanda ya ci bashin kuɗi ya biya adadin da ya karɓa, kuɗin ya yi daraja ko ya zube. Muhtasar na Shehu Halilu ya ce ko da an daina cinikayya da kuɗin, mislinsu za a biya, sai idan sun ɓace ba a samun su ne ake komawa ga ƙima. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a kan haka a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce bashin kuɗin takarda da mislinsa ake biya, kuma bai halatta a ɗaure shi da hawa da saukar farashin kaya ba. Dokar boko ma haka ta tafi: naira naira ce. Na ga mutanen da suka ranta wa 'yan'uwansu kuɗin da zai sayi fili kafin 1986, aka dawo musu da abin da bai cika kuɗin cefane ba, kuma a zahirin doka an biya su. Abin yana da ciwo, amma ƙa'idar ke nan.

Sai dai mahaifinku bai ranta wa Baffa naira ba. Bai sayar masa da azurfa bashi ba, bai kuma wakilta shi ya sayar ba. Ajiya ya ba shi. Ajiya tana nan a matsayin dukiyar mai ita, kuma mai riƙonta ba ya canza mata suna da aikin da ya yi shi kaɗai ba da izini ba. Malamanmu sun raba dukiya gida biyu a nan. Akwai abin da yake da misli, wato wanda ake aunawa ko a ƙirga kuma ɗaya yana maye gurbin ɗaya, kamar hatsi da zinariya da azurfar da aka buga kuɗi. Akwai kuma wanda sai dai a yi masa ƙima, kamar doki ko riga ko kayan ado da aka ƙera. Wanda ya taɓa ajiyar da take da misli, mislinta ne a wuyansa. Dalolin nan iri ɗaya ne, nauyi ɗaya, bugu ɗaya, kuma har gobe ana samun su wurin masu sayar da azurfa a tsofaffin kasuwanninmu irin Kurmi ta Kano, ma'aikatar buga kuɗi ta Ostiriya ma ba ta daina buga su ba. Tunda ba su ɓace ba, babu dalilin komawa ga ƙima. Dala ɗari ya ɗauka, dala ɗari ake bin dukiyarsa.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Da Bature Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500, kafin ƙarnin ya ƙare kuma adadin ya kusa ninkawa saboda wurin da aka yi ta shigowa da shi ta bakin teku. Kakanninmu sun ga kuɗi yana lalacewa a hannu tun kafin a san naira, shi ya sa mai hali yake mai da dukiyarsa dala ya ɓoye, mata kuma su mai da tasu mundaye da awarwaro. Mahaifinku ya zaɓi ya bar dukiyarsa a azurfa. Wannan zaɓin nasa ne, kuma shari'a tana kare shi.

Akwai abin da ba za ku samu ba, gara in faɗa maka tun yanzu kada wani ya zuga ku. Ribar da Baffa ya samu da kuɗin a kasuwancinsa, shago ne ko mota ko gida, ba taku ba ce. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa wanda ya yi kasuwanci da ajiyar kuɗi ya aikata abin ƙi, amma ribar tasa ce, domin da dukiyar ta salwanta shi zai biya. Kada kowa ya tashi da maganar cewa gidan Baffa da azurfarku aka gina shi saboda haka kuna da kaso a ciki. Ba ku da shi, kuma wannan magana ita kaɗai ta isa ta raba gidajenku biyu har jikoki.

Nawa dala ɗari ta kama a naira? Ya danganta da ranar da za a biya. Don ka ga yadda ake lissafin, mu ƙaddara dalar Amurka tana naira 1,500. Idan oza tana dala 30, oza 75 ɗinku ta kama wajen naira miliyan 3 da dubu 400. Idan tana dala 50, ta kama wajen miliyan 5 da dubu 600. Misali ne kawai na ba ka, domin farashin azurfa yana iya motsawa sosai cikin mako guda, kuma abin da kotu za ta duba shi ne nawa ake sayen dalar azurfar a kasuwar garinku ranar biya, bisa shaidar mutum biyu masu sana'ar. Wannan hanya tana da fuska biyu, ka shirya wa duka: idan azurfa ta tashi kafin a biya ku, ku kuka samu, idan ta faɗi ba ku da ikon cewa a koma farashin watan jiya.

Mundayen su ne masu wuya. Munduwa aikin maƙerin fari ce, kowace da nauyinta da adonta, saboda haka ana lissafa ta cikin abin ƙima. Risala ta ce idan mai ajiya ya sayar da kayan da ba kuɗi ba, mai kayan yana da zaɓi tsakanin kuɗin da aka sayar da su ko ƙimarsu ta ranar da aka ƙetare iyaka a kansu. Duka biyun suna mai da ku 1980. Lauyan da ya san aikinsa a ɓangaren 'ya'yan Baffa zai tsaya a nan ya ce naira 300 ce, kuma yana da nassi a hannunsa.

Ku ma kuna da abin faɗa. Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, yana ganin idan darajar kuɗi ta canza ƙimar ranar da bashin ya hau ake biya. A cikin Malikiyya kanta, Shehu Rahuni na Maroko ya ce hukuncin biyan misli yana tsayawa ne idan canjin bai yi muni ba, amma idan ya kai mai karɓa ya zama kamar wanda aka ba abin da ba shi da wani amfani, to a duba ƙima. Majalisar Fiƙihun nan da na ambata ta sake zama a Dubai a 2019, ta ce idan hauhawar farashi ta yi muni bayan bashi ya hau, babu laifi ɓangarorin biyu su daidaita a lokacin biya a kan ƙima ko su raba asarar, idan sun kasa kuma alƙali ko mai sasanci ya yanke. Kuɗin da ya tashi daga kobo 55 a kan dalar Amurka ya haura naira 1,500 a 2024, idan wannan bai zama canji mai muni ba to babu abin da zai zama. A ganina hujjar nan tana da kyau, kuma alƙali mai zurfin karatu zai saurare ta. Amma ita ba mashahurin zance ba ce a mazhaba, alƙali yana iya tsayawa a kan mashahuri, kuma da wuya kotun sama ta ce ya yi kuskure. Kada ka shiga kotu da tabbacin za ka ci wannan ɓangaren.

Shi ya sa nake ba ka shawarar ka warware mundayen a zaman sulhu, kuma ga ma'aunin da nake ganin kowa zai iya haɗiyewa. Baffa da bakinsa ya ce dala ɗari naira 1,200, mundaye naira 300, a lokaci ɗaya, a kasuwa ɗaya. Wato mundayen rubu'in dalolin ne. A lissafa su a matsayin dala 25, jimla ta zama dala 125. Wani zai ce muku ku nemi a auna naira 300 ɗin da zinariyar 1980, domin zinariya ta fi azurfa tashi nesa ba kusa ba tun daga lokacin. Lissafin zai fi yawa, gaskiya ne, amma mahaifinku bai ajiye zinariya ba, kuma da zarar kun fara zaɓen ma'aunin da ya fi ba ku riba, kun ba ɗaya ɓangaren damar zaɓen wanda ya fi ba su, wato naira 300.

Duk wannan magana tana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya, ita ce iƙirarin Baffa, kuma nan ne nake so ka fi mai da hankali. Ba don shi ba da ba ku da ƙara. A Malikiyya, idan mai riƙon ajiya ya rasu ba a sami kayan a cikin dukiyarsa ba kuma bai yi wasiyya da su ba, ana cire su daga gadonsa, sai fa idan an ɗauki kamar shekara goma, to sai a ɗauka ya riga ya mayar, matuƙar ba da shaidu na musamman aka ba shi ba. Ku kuwa shekara arba'in da ɗoriya ake magana. Furucinsa ne ya rushe wannan zato. Iƙirarin mara lafiya yana da nasa sharuɗɗan, domin ana tsoron kada mutum ya yi amfani da shi ya karkatar da dukiya daga magadansa. A nan kun yi sa'a: Baffa ya bar 'ya'ya maza, ku ba magadansa ba ne, kuma ba a tuhumar mutum da fifita 'ya'yan ɗan'uwansa a kan nasa na cikinsa. Abin da za a bincika shi ne ko yana cikin hankalinsa lokacin da ya yi maganar.

Saboda haka kafin komai, ka je wurin liman da ladabi ka roƙe shi ya rubuta abin da ya ji, da rana da wuri da waɗanda suke zaune, ya sa hannu. Ka tambaye shi kalmar da Baffa ya yi amfani da ita. Ajiya ya ce, ko rance, ko cewa ya yi yaya ya ce in sayar? Idan ta bayyana cewa mahaifinku ya ba shi izinin sayarwa, ko ya ji labari daga baya ya yarda a bar kuɗin a hannunsa bashi, to magana ta juye gaba ɗaya ta koma naira 1,500, sai ku dogara da hujjar Rahuni kaɗai. Yadda ka rubuto, Baffa ya ce yayansa bai sani ba har ya rasu. Wannan jimla ita ce mafi tsada a cikin shari'arku, a tabbata liman ya ji ta kuma zai maimaita ta. Liman mutum ne, yau yana nan gobe sai yadda Allah ya yi, kada ka jinkirta.

Babban ɗan Baffa shi ne shaida na biyu, kuma shaidarsa karɓaɓɓiya ce domin a kan kansa take. Idan su biyun suka tsaya, bashi ya tabbata a kan dukiyar gaba ɗaya. Idan ɗan ya janye, a sha'anin dukiya Malikiyya tana karɓar shaida ɗaya adali tare da rantsuwar mai ƙara. Bayan wannan akwai wata rantsuwar da alƙali yake sa duk mai bin mamaci, cewa ba a biya shi ba, bai yafe ba, bai kuma mai da bashin kan wani ba. Ku magada za ku rantse ne a kan iyakar saninku. Ka kuma adana duk wani saƙon waya ko takarda da 'ya'yan Baffa suka ambaci naira 1,500 ko dubu ɗarin nan a ciki. Tayin da suka yi ya nuna ba su musun asalin ajiyar, adadi kawai ake ja.

Maganar daɗewa kuma kada ta tsorata ka. Shirun da yake kashe haƙƙi shi ne na baligi mai hankali wanda ya san da haƙƙinsa, yana gani, babu abin da ya hana shi magana. Ku yara ne a 1984, kuma ba ku sani ba sai bara. Amma daga bara agogo ya fara tafiya, shirun da za ku yi nan gaba za a iya lissafa muku shi.

Wurin da ya dace da ƙarar shi ne kotun shari'ar Musulunci, kuma mafi sauƙi ita ce wadda za ta raba gadon Baffa, yawanci babbar kotun shari'a ta yankin. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya sa bashi gaba da rabon gado, saboda haka abin da za ku nema shi ne a cire haƙƙinku kafin a raba. Ka rubuta wa magadan takarda, ka ba wa wanda zai jagoranci rabon kwafi, cewa akwai bashi a kan dukiyar kuma kada a raba sai an warware shi. Idan aka riga aka raba haƙƙinku bai faɗi ba, amma sai kun bi kowane magaji gwargwadon abin da ya karɓa, wani ya sayar, wani ya cinye, wani ya bar gari. Ban ba ka shawarar babbar kotun jiha ba. A can za a fara da dokar ƙayyade lokacin shigar da ƙara, wadda a yawancin jihohi shekara biyar ko shida take ba wa irin wannan, kuma diyyar kayan da aka sayar ba da izini ba galibi da farashin ranar da aka sayar ake auna ta. Ka sani kuma, idan aka ɗaukaka ƙara za a iya ɓata lokaci a kan wace kotu ce take da hurumi, domin sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya taƙaita kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Idan an gina ƙarar a matsayin bashin da ake cirewa daga gado, ta fi zama a inuwar wannan sashe fiye da a shigar da ita a matsayin rikicin ajiya tsurarsa. Lauyan da zai tsaya muku ya kula da wannan tun daga takardar farko.

Amma ni da za ka bi tawa, kotu ita ce ta ƙarshe. Ku nemi dattijo ɗaya da gidajen biyu suke jin nauyinsa, da limamin nan, da malami masanin gado, ku zauna. A Kano akwai zauren sasanci na babbar kotu, akwai kuma Hisba, idan zaman gida ya gagara. Ka shiga da dalar azurfa 125 a bakinka, ba naira ba, ka bar ƙaninka ya ajiye lissafin miliyan 22 a gida. Ka tuna su ma marayu ne yanzu, kuma ba su suka taɓa ajiyar ba. Idan kun ga dama ku sauke musu wani abu, wannan alheri ne da kuke da iko a kansa, da sharaɗi ɗaya: kowa rabonsa kaɗai yake iya yafewa. Azurfar nan gadon mahaifinku ce, ta duk wanda ya gaje shi a 1984. Mahaifiyarku da abokan zamanta idan akwai suna da tumuni, 'yan'uwanku mata suna da rabonsu, wanda ya rasu a cikinku tun daga lokacin rabonsa ya gangara ga nasa magadan, kuma idan akwai yaro ƙarami a cikinsu ba mai ikon yafe nasa. Ka karɓi wakilci a rubuce daga kowa kafin ka yi magana da sunansu.

Wajen biya akwai tarkon da mutane da yawa suke faɗawa da kyakkyawar niyya. Idan za a ba ku naira a madadin azurfa, wannan canji ne, kuma canjin azurfa da kuɗi hannu da hannu ake yin sa. Abdullahi ɗan Umar ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sayar da raƙuma da dinari a karɓi dirhami, ya ce babu laifi idan da farashin ranar ne kuma ba su rabu da sauran wani abu a tsakaninsu ba. Saboda haka kada a zauna yau a ce dala 125 ta zama naira miliyan kaza, za a biya cikin shekara biyu. Bayan matsalar shari'a, kun mai da haƙƙinku naira ke nan da hannunku, kuma a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024 ka san abin da shekara biyu za ta yi masa. Idan ba za su iya biya gaba ɗaya ba, a rubuta bashin da dalar azurfa. Duk lokacin da suka kawo kuɗi, a tambayi farashin dalar azurfa a kasuwa a ranar, a cire adadin da kuɗin ya saya, a rubuta saura dala kaza, shaidu su sa hannu. Idan kuma dalolin za su sayo su kawo, ku tafi da maƙerin fari da kuka yarda da shi ya gwada su ya ɗora a sikeli, domin akwai na jabu da yawa, akwai kuma waɗanda aka huda ko suka suɗe har nauyinsu ya ragu. Kowace ta kusanci giram 28.

Takardar sulhun ta ƙunshi sunayen magadan gidajen biyu, adadin dalolin, nauyinsu, yadda za a biya da lokacin da za a gama, da wata kadara daga cikin gadon da za a jingine har a kammala. Sannan ku kai ta gaban alƙalin da yake rabon gadon ya mai da ita hukunci, yadda idan wani ya saɓa ba sai an sake shari'a daga farko ba. Zakka kuwa ba ta hau kanku ta shekarun baya, domin kuɗin gado sai ya shekara a hannun magaji bayan ya karɓa, kuma rabonsa, shi kaɗai ko haɗe da abin da yake da shi, ya kai nisabi, wanda a azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595.